Madubin Bai Fashe Ba

Na faɗo daga kan dutse da madubin Bature a kaina. Madubin bai fashe ba. Ƙuguna ne ya fashe. A wani ƙauye ne da ke bayan Inkil, ana saura shekara biyu Turawa su miƙa mulki. Daga ranar ban sake ɗora kaya a ka ba.

Sunana Tanko. Shekara tara na yi ina lebura a aikin safiyo, wato masu auna ƙasa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Dako na sani. 'Yan acaɓan da ke tsayawa kusa da ni a unguwar Gwallaga sukan ce dako aikin jaki ne, wuya kawai yake so. Ba na musu da su. Wanda bai taɓa hawa dutse da kayan da suka fi shi daraja a wurin mai su ba, me za ka gaya masa?

Ranar da na fara, heluma bai ba ni kaya ba. Heluma shi ne shugaban leburori. Namu sunansa Buba, Bafulatani ne da shanunsa suka ƙare ya shigo gari. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai Kaɗo, naɗa gammo in gani." Na murɗa tsumma na ɗora a ka. Ya sa sanda ya ture shi.

"Wannan na masu tallar rogo ne."

Ya zauna ya nuna mini. Daga tsakiya ake farawa, a matse, a riƙa zagayowa, kowane zagaye ya kwanta a jikin ɗan'uwansa, a ƙarshe a cusa bakin a ƙarƙashi. In gammo ya yi laushi, kaya su yi rawa. In ya yi tauri, kafin azahar ka daina jin kanka. Da na iya, sai ya cika ƙwarya da ruwa har baki, ya ɗora mini, ya nuna dutse. "Hau ka sauko. In ka jiƙe, sake." Wata guda ina wannan, sauran leburori suna kirana amaryar Buba.

A nan na koyi aikin. Ba a sa takalmi a kan dutse, yatsun ƙafa su ne idanu. Ba a juya wuya, in an kira ka ko ka juya gaba ɗaya ko ka yi shiru. Saukowa ta fi hawa kisa. Sai kuma maganar da Buba yake maimaita mana kowace safiya: "In za ka faɗi, faɗi a ƙarƙashin kaya. Ƙashi yana ɗoruwa, gilashi ba ya ɗoruwa."

Kayan safiyo sarƙar awo ce, da tutoci, da turaku, da akwatin na'urar awo, da ƙafa-ukun da ake ɗora ta a kai. Waɗannan na gwamnati ne. Amma Baturenmu yana da wani kaya na kansa. Muna kiransa Duba-Sama. Dogo ne siriri, ba ya shan giya, ba ya duka. Shi ya sa muke shakkarsa, don Baturen da ke duka ka san inda ya dosa. Da rana yana auna ƙasa saboda gwamnati, da dare yana duban sama saboda kansa. Yana da wani bututun kwano, tsawonsa ya fi mutum, faɗinsa ya kai bakin turmi. A gindinsa ake sa madubi, a leƙa ta wani ɗan ido da ke gefe, kusa da baki. Madubin kaurinsa kamar dutsen niƙa, fuskarsa da ɗan zurfi kamar faranti. Kukunsa ya ce Baturen ne ya goge shi da hannunsa a ƙasarsu, shekara biyu yana yi. Ba a taɓa fuskar. Ba yatsa, ba tsumma, ko numfashi ba ya so. Akwatinsa daban, da bargo a ciki. Bututu mutum biyu ke ɗauka. Madubi mutum ɗaya, don mutum biyu ba sa taka dutse lokaci ɗaya. A shekarata ta huɗu Buba ya ce, "Kaɗo, daga yau kai ne mai madubi." Ba wanda ya yi mini barka.

Shekara biyar ina ɗauke da shi ban taɓa leƙawa ba. Sau biyu Bature ya yi mini tayi, na ce, "A'a, Maigida, na gode." A ganina abin da Allah ya nisanta da ido, akwai dalili. Nawa in kai, in dawo da shi.

Mai madubi yana da wani ƙaramin aiki. Kullum da hantsi, da kuma la'asar, ni ke fita in dubi sama ta kusurwa huɗu, in zo bakin tanti. Sai Bature ya ce, "Tanko, yaya sama?" In da gajimare in ce, "Ba kyau, Maigida," ya ɓata rai, ranar kowa ya sha faɗa. In babu in ce, "Alhamdulillahi, garau." Sai ya yi murna, a raba mana sukari. Shekara biyar bakina yana faɗin haka. Baki kuwa kamar ƙafa yake, hanyar da ya saba ita yake bi.

Shekarar da nake magana, ruwa ya sauka sau ɗaya, mutane suka yi shuka, ya ɗauke. Shuka ta fito ta ƙone. Aka sake yayyafi, wasu suka zuba sauran irin da ke rumbu, wannan ma ya ƙone. Mu kuwa muna kan dutsen da ke bayan ƙauyen, mun kafa tanti. Kowace magariba daga ƙasa ana hango bututu ya ɗaga baki sama. Mutanen ƙauyen suka sa masa suna igwa. Magana ta fara yawo, wai Bature yana harbin hadari. Kuma sau uku hadari ya haɗu a gabas ya watse, da idona na gani. Matan da ke kawo mana fura suka daina hawowa. Buba ya je ya ce, "Ranka ya daɗe, a kwantar da bututun nan kwana biyu." Bature ya yi dariya. Ya ce gilashi ba ya korar ruwa, kuma yanzu ne babu wata, waɗannan dararen yake jira duk shekara.

Ran nan da hantsi na sauka rijiya da garwa. Na tarar da mutanen gari suna dawowa daga roƙon ruwa, kwana na uku ke nan suna fita. Riguna bai-bai yadda ake yi, tsofaffi da azumi a baki, ba mai magana. Suka tsaya a bakin rijiya, kowa ya ɗaga kai yana neman ko gajimare kamar tafin hannu. Na ga an ɗaga kai, ni ma na ɗaga. Gabas, yamma, kudu, arewa. Sai bakina ya ce, "Alhamdulillahi, garau."

Ban faɗa da ƙarfi ba. Wurin ne shiru.

Wani ƙaton manomi da ake kira Sambo, wanda ya yi shuka biyu ya rasa, ya juyo. "Me ka ce?"

Na ce ban ce komai ba.

"Kun ji shi? Kun ji da kunnenku? Mu muna kuka, shi yana godiya. Aikinsu ya ci!"

Na bar garwar a wurin. Ban yi gudu ba, don mai gudu kare yake bi. Amma har na kai gindin dutse ina jiran jifa a ƙeya.

Buba ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Kaɗo, bakinka ya kashe mu." Ya koma wurin Bature. Bature ya ce to, gobe da safe mu tashi, yau dare ɗaya kawai. Kafin la'asar leburori huɗu sun sulale. Muka rage ni da Buba da kuku da masu bututu biyu.

Bayan isha muka ga wuta tana hawowa. Dutsen hanya ɗaya gare shi, ba ta wajen gudu. Fitilu da bakin wuta a jere, ban ƙirga ba. Da suka iso na ga sanduna da fartanyu da gatari. Limamin ƙauyen ne a gaba, Malam Isa, tsoho gajere, har lokacin rigarsa bai-bai. Sambo yana bayansa. Bature yana da bindiga a tanti. Buba ya je ya tsaya a ƙofar tantin kamar ba da gangan ba, bai kuma matsa ba.

Liman ya yi sallama. Buba ya amsa, ya rusuna. "Allah gafarta Malam."

Liman ya ce, "Ba faɗa ya kawo ni ba, in an bar ni. Amma ban san ko za a bar ni ba. Ina mai godiyar?"

Sambo ya nuna ni da gatari.

"Kai ke ɗaukar abin nan?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Shekara nawa?"

"Biyar."

"To gaya mana abin da ke ciki."

"Ban taɓa leƙawa ba."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Sambo ya ce, "Jaki ma yakan shinshina kayan da ke bayansa. Malam, a wurga igwar ƙasa, a bi ta da shi." Bature ya tsaya gaban bututu ya ware hannu, yana ta Hausarsa ta takarda, ba mai sauraro.

Liman ya ɗaga carbi, aka yi shiru. Ya ce da ni, "Musulmi ne kai?"

"Musulmi ne."

"To leƙa. Ka faɗi abin da ka gani a gaban jama'a, da rantsuwa. Sannan ni ma in leƙa. In na ga abin da ka faɗa, na san ba ka ɓoye mana komai ba. In ban gani ba, ba ruwana da kai."

Bature ya ce da wuta a wurin ba abin da za a gani. Sai an kashe duka, a zauna a jira ido ya buɗe. Wuri ya kaure. "Dabara ce! So suke su gudu!" Liman ya ɗaga ƙwan fitilarsa ya hure. Aka riƙa kashewa ɗaya bayan ɗaya. Sambo ne na ƙarshe. Ya murje bakin wutarsa a kan dutse, ya zo ya zauna a bayana, ya naɗe gefen rigata a hannunsa. Ƙotar gatarin tana taɓa mini baya.

Mun zauna kamar tsawon dahuwar tuwo. Ba ka ganin tafin hannunka. Ba ka jin komai sai ƙarar carbin Liman da numfashin Sambo a wuyana. Taurari suka riƙa ƙaruwa, suna saukowa, har na sunkuyar da kai.

Bature ya juya bututu arewa, wajen wasu taurari bakwai masu kama da ludayi, can kusa da bakin mariƙin. Ya daɗe yana nema. Sannan ya ce, "Tanko, zo. Kada ka taɓa. Kada ka duba tsakiya, duba gefe kaɗan." Sambo ya biyo ni, riƙe da rigata.

Na sa ido. Baƙi ƙirin, sai 'yan taurari biyu uku. Ba komai. Na ce a raina, shi ke nan, yau zan bi ta gefen dutse. Sai na kauda ido gefe yadda ya ce. Wani abu ya fito, fari-fari, kamar an shafa toka a baƙin zane. Tsakiyarsa ta fi haske. Na riƙe numfashi. Sai na ga ashe zagayawa ya yi. Daga tsakiya ya taso, ya zagayo, ya sake zagayowa, bakinsa ya miƙe ya je ya kama wani ɗan dunƙule a gefe. In na dube shi kai tsaye ya ɓace. In na kauda ido ya dawo.

Liman ya ce, "Me ka gani?"

"Gammo ne, Allah gafarta Malam."

Wani ya tuntsure da dariya a cikin duhu.

"Wallahi tallahi gammo ne. An fara daga tsakiya, an zagayo. Bakin ne kawai ba a cusa ba."

Aka kawo akwati Liman ya taka, don bai kai ba. Ya sa ido. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Ban ga komai ba."

Hannun Sambo ya ƙara naɗe rigata har ta shaƙe ni. Idon tsoho ne, ya kuma wuni da azumi. Bature yana cewa, "Malam, gefe, gefe," Liman yana juya kai gaba ɗaya, bai gane ba. Ba a ba ni izinin magana ba, amma na yi.

"Allah gafarta Malam, kada ka dube shi ido cikin ido. Dube shi yadda ake duban suruka."

Carbi ya daina ƙara. Na ƙirga numfashina har na ɓata lissafi. Can sai muka ji, a hankali, "La'ilaha illallahu."

Ya sauko ya zauna a ƙasa, a nan inda yake. Ya ce, "Ya faɗi gaskiya. A naɗe yake." Ya tambayi Bature ko mene ne. Bature ya ce taurari ne, sun fi yashin rafi yawa, nisa ne ya sa suka zama kamar hayaƙi. Liman ya ce, "Ya fi hadari nisa?" Bature ya ce, "Malam, hadari yana nan bakin ƙofa."

Liman ya juya wajen jama'a. "Abin nan ba hadari yake kallo ba, ya wuce shi. Ruwa yana hannun Mai shi. Sambo, saki rigar mutum." Aka sake ni. Sai ya rage murya ya ce da Buba, "Amma ku sauke shi daga dutsenmu. Yanzu, ba gobe ba. Na riƙe mutanen nan iyakar ƙarfina."

Madubi ba ya sauka da dare. Doka ce, ba mu taɓa karya ta ba. Buba ya dubi jama'a, ya dubi Bature, ya juyo wajena. Ya ce da ni, "Kaɗo, naɗa gammonka." Na zauna ina naɗawa, daga tsakiya, ina zagayowa. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mini a wuya. In wancan gammo ne, ina kayan?

Mutanen gari suka kunna wutarsu suka yi gaba. Masu bututu suka bi su. Ni a baya, Buba a bayana, ba fitila, don fitila a kusa makantar da mai kaya take yi. Yatsun ƙafata suna lalube. Mun kai rabi sai iska ta bugo daga gabas, mai sanyi, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ban juya wuya ba, amma na ga walƙiya ta haska dutsen a gabana. Daga ƙasa aka ɗauki kabbara. Daga cikin ƙauye mata suka ɗauki guɗa.

Akwai wani wuri a hanyar da muke kira Goshi, falalen dutse ne mai gangara, taku goma sha biyu. Ba wajen ajiye kaya, ba wajen da wani zai tsaya ya sauke maka. Ina taku na biyar ruwa ya sauko. Ku da ba ku sani ba, dutsen da ya daɗe bai ga ruwa ba, ruwan farko yana mai da shi kamar an zuba miyar kuɓewa. Buba ya ce, "Kaɗo, tsaya!" A Goshi ba a tsayawa. Na yi na shida. Na yi na bakwai. A na takwas ƙafar hagu ta tafi.

Ban yi tunani ba. Hannuwana ne suka janyo akwatin zuwa ƙirji, jikina ya juya ya ba dutse baya. Na sulale, na faɗa cikin wani tsagi, akwatin a kaina. Na ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Na ɗauka madubin ne.

Buba ya iso da rarrafe. Ya ɗage akwatin, ya kai kunne, ya girgiza a hankali. Ba motsi a ciki. Ya ce, "Lafiya lau." Ya cire rigarsa ya rufe shi. Sannan ya ce, "Kai fa?" Ban ji haushi ba. Da ni ne, haka zan yi.

Sambo ne ya goya ni zuwa ƙauye. Ruwa yana dukanmu, yana dariya yana kuka, yana cewa, "Ka gani ko, ɗan'uwa? Ana sauke ta ruwa ya zo! Ka gani?" Haƙorana a cije suke.

Wata uku na yi a kwance a zauren Liman. Mai ɗorin ƙauyen ya yi iyakar yinsa. Maganar Buba gaskiya ce, ƙashi yana ɗoruwa. Bai dai gaya mana yakan ɗoru a karkace ba. Ƙafar hagu ta gajarce. A wannan shekarar sun yi shuka ta uku da irin aro, sun sami abin da suka samu. Liman ya yi ta gaya musu ba bututu ne ya riƙe ruwa ba, har ya rasu ba su yarda ba. Na ji har yau jikokinsu suna ba da labarin igwar Bature. Ni ba na shiga. Na ga abin da Liman ya gani, na kuma ji ruwan a jikina.

Duba-Sama ya zo duba ni sau biyu, da sukari da wata takarda da ban san abin da ke cikinta ba. Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta, mutane suna ta tafiya kallo, ni ina tsakar gida har lokacin ina koyon tafiya da sanda. Bayan nan ba da daɗewa ba ya koma ƙasarsu. Wani ne ya ɗauki madubin zuwa mota. An ce ya isa lafiya.

Ban sake leƙa irin wannan abu ba. Ko ana zafi ba na kwana a waje. Na san yana can arewa, a naɗe, bakinsa a sake.

Yanzu ina Gwallaga, a ƙofar wani ƙaramin masallaci, ina tufka igiya ina sayarwa. Ƙugun nan yakan fara ciwo kwana guda kafin ruwa, bai cika kuskure ba. Masu gona a Inkil sun gane, in damina ta kusa sai su tsaya su ce, "Baba Tanko, yaya sama?" In yana ciwo in ce su fito da iri. In ba ya ciwo, in ci gaba da tufkata, bakina a rufe.